Fitilar Motar Malam Nu'uman

A unguwar Ƙofar Marusa, in ana neman mutumin da ba ya iya ganin abu a karkace ya wuce, Malam Nu'uman ake nunawa. Shi ne mai gyara wa mutane sahu a masallaci tun liman bai ce a daidaita ba. Shi ne zai tsaya ƙofar gidan maƙwabci ya yi ta sallama da rana tsaka, a fito a guje ana zaton wani abu ne, ashe ya zo sanar da su ne cewa famfonsu na ɗiga. Mutumin kirki ne, babu mai musun wannan, amma zama da shi sai mai haƙuri, kuma matarsa Zuwaira ta fi kowa sanin haka.

Ko aikinsa ne ya mayar da shi haka, ko da halinsa ya je aikin ya ƙara masa, Allah ne masani. Tun yana saurayi aka ɗauke shi a gidan ruwa, aka ajiye shi a ɗakin manyan injinan da ke tura ruwa cikin gari. Aikin dai zama ne gaban wani allo mai fitilu da allurai. In fitila ta kama, ka kashe inji ka nemi dalili, kuma ba ka tayarwa sai ta ɗauke. A kan wannan doka ya yi furfura. Abokan aikinsa sukan ce fitilar ce ke da rigima, su bar inji na ruri su tafi cin tuwo, shi kuwa ko ana zaginsa a gari saboda rashin ruwa ba ya motsawa. Ya bar aiki babu injin da ya ƙone a hannunsa, kuma in hira ta yi hira sai ya san yadda ya yi ya sako wannan zancen.

Da aka sallame shi, bai yi shawara da kowa ba ya je ya sayo mota 'yar Kwatano, doguwa, mai ƙofar da ake ja gefe. Mutane suka yi ta cewa me tsoho ɗan fansho zai yi da wannan uban ɗaki. Shi ya san dalilinsa: don mahaifiyarsa Iya Dije ya saye ta.

Iya na zaune a gidansa, tsufa ya kama ta, gwiwoyi sun ƙi. Duk cikin waɗanda suka fito ciki ɗaya mutum ɗaya ta rage mata a duniya, yayarta Furera, da ke Mashi wurin 'yarta Ramla. A da Iya kan shiga motar haya ta je ta kwana biyu ta dawo. Zuwanta na ƙarshe aka matse ta a baya tsakanin buhu da mutane, ta dawo sai da aka ɗauko ta ranga-ranga daga tasha. Ranar Malam Nu'uman ya rantse mahaifiyarsa ta gama shiga motar haya, in dai yana numfashi da kansa zai riƙa kai ta.

Sai dai akwai wani abu a tsakaninsu. Shi ne ɗanta na fari, ita kuwa mutuniyar da ce mai tsananin kunyar ɗan fari. Ba ta faɗin sunansa, ba ta zaman hira da shi. In ya shigo gaishe ta da safe ya durƙusa, sai ta kawar da kai ta amsa a taƙaice kamar mai jin haushinsa, alhali in ya yi tari a ɗakinsa ita ce ba ta barci. Duk abin da take so Zuwaira take gaya wa, ta ce a faɗa wa mai gidan nan. Tsawon rayuwarsa ba ta taɓa dubansa ta roƙe shi wani abu ba.

Motar na zuwa Malam Nu'uman ya zagaya ta, ya tsuguna, ya leƙa ƙarƙashi. Babu abin da ya samu tayoyinta, amma ya ce an yi su ne don ƙasar ƙanƙara, ba za su jure kwaltar Katsina da zafin bazara ba, kuma ba zai ɗora Iya a kan abin da bai yarda da shi ba. Ya sayi sababbi fil, ya kai wa Ɗanliti mai faci da ke kusa da Ƙofar Kaura, wanda ya shekara da shekaru yana yi masa facin babur. Ya so ya tsaya a kansa, sai aka kira la'asar. Kafin ya dawo daga masallaci Ɗanliti ya gama, yana ta washe baki.

Bai kai gida ba wata 'yar fitila ruwan ɗorawa ta fara ƙifce a gabansa, nan kusa da allurar gudu. Siffarta kamar tukunya da muciya tsaye a ciki. Ta yi ta ƙifce, sannan ta tsaya cak tana kallonsa. Nan take ya gangara gefen titi ya kashe mota. Wani mai shago ya leƙo ya ce ai wannan fitilar iskar taya ce, tana nufin wata taya ta yi ƙasa.

Ya juya ya koma. Ɗanliti ya ɗauki guntun ƙarfe ya bi tayoyin yana bugawa yana kasa kunne, don shi a wurinsa ƙarar taya ce geji, wato ma'aunin iska. Ya ce duk lafiya lau suke, amma tunda mota ta ce tana son iska, a ba ta. Ya tayar da injinsa ya ƙara. Fitila ba ta ɗauke ba. Washegari aka sake ƙarawa, har tayoyin suka yi tauri kamar dutsen niƙa, mota ta koma tsalle a kan kowane ɗan rami, haƙoran mutum na haɗuwa. Wani mai facin a hanyar kasuwa ya sa gejinsa ya riƙe baki, ya ce wa ya so kashe ku, ya rage. Na gaba da shi ya sa nasa gejin ya ce an rage da yawa. Malam Nu'uman ya fusata ya sayi gejin kansa, shi ma ya faɗi nasa daban.

A cikin wannan makon ne Ramla ta bugo wa Zuwaira waya cewa Inna Furera ta kwanta, ƙafafu sun kumbura, abinci ba ya shiga sosai. Zuwaira ta tambayi jikin, Ramla ta ce da sauƙi. Da aka gaya wa Iya, sai ta ce a tambayi mai gidan nan ko motar tasa ta fara fita gari.

Zuwaira ta isar da saƙo. Ya ce insha Allahu cikin satin nan, bari dai a kashe fitilar. Ya tambaya me Ramla ta ce game da jikin, aka ce ta ce da sauƙi. Ya ce to alhamdu lillahi, ashe babu gaggawa.

Wannan magana ita ce ta fi ban haushi a duk labarin. Babu Bakatsinen da bai san cewa da sauƙi ba labari ba ne, ladabi ne. Mutum na kan gargara ma in ka tambaya da sauƙi za a ce maka, don ba a kai ƙarar Ubangiji wurin bawa. Malam Nu'uman da bakinsa ya sha faɗin haka a kan mutanen da aka binne washegari. Amma ranar nan, da yake amsar ta yi daidai da abin da ransa ke so, sai ya karɓe ta hannu bibbiyu kamar takardar likita.

Aka ce ya je wurin mai wayarin, wato mai gyaran wutar mota. Mai wayarin ya leƙa, ya yi dariya, ya ce rabin motocin garin nan da wannan fitilar suke yawo, har Kano da Abuja, babu abin da ya same su. Ya ce in ganinta ne ke damunsa, akwai hanya biyu: ko a buɗe a cire ƙwan, ko a yanko baƙin salatif a liƙe. Har ya zaro salatif ɗin daga aljihu. Malam Nu'uman ya dube shi sama da ƙasa kamar wanda ya ce a yi salla ba alwala, ya tayar da motarsa ko sallama babu. Ya isa gida yana huci, ya zaunar da Zuwaira ya yi mata lacca a kan yadda ƙasar nan ta lalace saboda masu liƙe fitila. Ita dai tana tsinke zogale ba ta ɗago ba.

Daga ƙarshe wani ya kwatanta masa mai duba mota da kwamfuta. Wannan ya jona na'urarsa ƙarƙashin sitiyari, ya daddanna, ya ce babu abin da ya samu iskar tayoyin. Motar ce ba ta jin su. Ya yi masa bayani cewa a cikin kowace taya, a gindin bawul ɗin da ake sa iska, akwai wata 'yar na'ura da ake kira sensa, ita ke gaya wa mota yawan iskar da ke ciki. Ya ce nasa duka huɗun babu su, wani ya cire.

Malam Nu'uman bai zame ko'ina ba sai wurin Ɗanliti. Shi kuwa ko gezau, hasali ma da alfahari ya amsa.

"Ai ni na cire su, Malam. Waɗanga bawul na Turawa masu ƙulli a gindi, in sunka fara yoyo ba su gyaruwa. Duk motar da ta zo hannuna cire su nike in sa na roba. Gata na yi maka, ko sisi ban ƙara maka ba."

Ya tambaye shi ina suke. Ɗanliti ya ce ai 'yan gwangwan sun kwashe tun tuni. Ran Malam Nu'uman ya ɓaci. Ga shi dai shi ya kawo tayoyi lafiyayyu ya ce a canza, ga shi mutumin da ya yi ɓarnar yana jiran godiya.

To a nan ne duk mai hankali zai ce magana ta ƙare. An gano fitilar ba taya take nufi ba, tayoyi sababbi ne, iska daidai, hanyar Mashi kwalta ce, tafiyar da ba ta kai mutum ya ji yunwa ba. Zuwaira ta faɗa masa haka tana zuba masa ruwan alwala. Ya ce ita ba ta gane ba. Da fitilar ƙarya take yi, yanzu kuwa ya tabbata motar makauniya ce. In taya ta fara sacewa a hanya da Iya a ciki, wa zai gaya masa? Ta ce idonsa zai gaya masa, kamar yadda yake gaya wa kowane direba tun da aka fara mota a ƙasar nan. Ta ce yawon da ya yi da motar nan daga wannan gareji zuwa wancan, da miƙe shi aka yi da ya kai Mashi ya dawo har ya gaji. Ya ce cikin gari daban, babbar hanya daban. Ta ce to ya bari a yi shatar mota, Iya ta zauna ita kaɗai a baya ta miƙe ƙafa. Nan ya hau sama. Yana da mota a ƙofar gida a ce an ga mahaifiyarsa a motar haya? Kuma wa ya duba tayoyin waccan?

Ya sa wani mai sayar da kayan mota, Salihu, ya yi masa odar sensa daga Kano. Salihu irin mutanen nan ne da gobensu ba ta zuwa. Yau direban bai taso ba, gobe an manta kayan a tasha. Da suka iso aka kwance tayoyi duka, aka ɗaura, aka mayar, mai kwamfuta ya daddanna ya girgiza kai. Ya ce waɗannan na motocin Turai ne, tasa kuwa daga Amurka ta fito, ba sa jin yaren juna. Aka sake kwancewa. Malam Nu'uman ya dawo gida da baƙin mai har gwiwar hannu, ya rasa wanda zai huce a kansa, ya huce a kan almakashin da aka bari a tsakar gida.

Duk wannan abin Iya ba ta ce uffan ba. Ta dai sa Zuwaira ta ɗauko mata jakarta daga saman sif, ta zuba zannuwa biyu, da man zafi, da ƙullin daddawa da kuka irin wanda yayarta ke so, ta ajiye a bakin gado. Kullum da safe in ya shigo gaisuwa sai ya tarar ta yi wanka ta ɗaura ɗankwalin fita, takalmanta a jere bakin ƙofa. Mutumin da ke hango ɗigar famfo daga ƙetaren titi bai ga wannan ba. Ko kuwa ya gani, ya ce a ransa tunda ba ta yi magana ba da sauran lokaci. Ita kuma tana ganin ta yi iyakar maganar da uwa za ta yi wa ɗan fari, fiye da haka rashin ta-ido ne.

An gwada haɗa Iya da yayarta a waya. Inna Furera kunne ya yi nauyi, murya ta yi ƙasa, sai Iya ta yi ta cewa sannu Yaya, can kuma ana cewa wa ke magana. Da aka kashe Iya ta juya ta fuskanci bango. Ranar Zuwaira ta kasa daurewa, ta same shi a zaure yana goge gejinsa da tsumma.

"Malam, don girman Allah ka kai tsohuwar ga ta ga 'yar'uwarta. Ba za ta buɗe baki ta ce maka ba, ka san ba za ta ce ba. Ni na ji muryar Ramla, wannan da sauƙin ba na tashi ba ne."

Jikinsa ya ɗan yi sanyi, gaskiya. Ya ce Salihu ya rantse masa na gaskiyar sun taso, gobe da safe za a ɗaura, in an gama ko gida ba zai zauna ba sai Mashi. Kwana ɗaya dai. Zuwaira ta dube shi ta shige ciki, don ta san in ta ƙara kalma ɗaya abin da zai fito ba na faɗa wa miji ba ne.

Abin mamaki, wannan karon Salihu ya cika alkawari. Da hantsi aka ɗaura, mai kwamfuta ya ce a kashe mota a tayar, a zagaya da ita. Wayar Malam Nu'uman na ta ruri a aljihu, ya ƙi dubawa don kada hankalinsa ya rabu. Suna cikin zagayen fitila ta ɗauke. Ya tsaya ya kashe ya sake tayarwa, ba ta dawo ba. Daɗi ya kama shi kamar yaron da aka yi wa ɗinkin salla. Ya biya ya sha mai, ya sayi lemo da ayaba na dubiya, ya nufi gida yana ta yi wa mutane hon.

A ƙofar gida ya tarar da Zuwaira da mayafi, idanunta jawur. Ta ce tun ɗazu take kiransa. Inna Furera ta cika da safen nan, kuma Ramla ta ce ba za a jira ba saboda zafi da yanayin jikin.

Iya ta fito da jakarta, ta ƙi yarda kowa ya karɓa. Ya ja mata ƙofa, ta hau da ƙyar ta zauna, Zuwaira a gefenta. Motar ta yi tafiya lafiya lau, ba tsalle ba gargada, sanyi na busawa. Tun daga Katsina har Mashi Iya na ta jan carbinta. Suna shiga layin suka ci karo da maza na dawowa daga maƙabarta, ƙafafu duk jar ƙasa, wasu riƙe da makara ba kowa a ciki.

Ya raka su har bakin tsakar gida, ya tsaya daga zaure inda maza ke tsayawa. Daga nan yana jin komai. Ramla ta faɗa jikin Iya tana kuka, Iya na ba ta haƙuri da murya ƙasa-ƙasa. Da kukan ya lafa Iya ta tambaye ta ko Yaya ta bar wata magana.

"Ba ta bar komi ba, Inna, sai zancenki. Da munka ce mata an sai maki mota, cewa ta yi a maido ta ɗakin ga na kusa da zaure don ta riƙa ji. In mota ta tsaya ƙofar gida, ko ta masu kai kaya kasuwa ce, sai ta ce a leƙa a gani ko Dije ce. Jiya ma sai da ta sa anka leƙa."

Malam Nu'uman ya dafa bango. Ledar lemo da ayaba na hannunsa, bai san lokacin da ya shigo da ita ba, kuma babu wanda zai miƙa wa. Ya tsaya yana jiran abin da Iya za ta ce. Da ta zage shi, da ta ɗaga murya sau ɗaya a rayuwarta ta ce shi ya jawo, wallahi da ya fi masa sauƙi.

Can Iya ta ce Allah bai ƙaddara za su gana ba, Allah ya jiƙan Yaya ya sa ta huta. Sannan ta rage murya, ta ce wa Ramla, "Ki sa a kai ma mai gidan can abinci waje. Tun asuba ya hita wurin motar ga, na san ko koko bai sha ba."

Aka shimfiɗa masa tabarma cikin masu zaman makoki, aka kawo kwano aka ajiye a gabansa. Mutane na ta zuwa suna yi masa gaisuwa, suna cewa ya haƙuri, yana amsawa da kai. Ya buɗe kwanon ya duba, ya mayar da murfin ya rufe.